Kanwar da Ta Je Jamus Ta Dawo

Tun da na dawo daga Jamus ba a bar ni na huta ba. Gidan biki, gidan gaisuwa, bakin rijiya, tambayar ɗaya ce: "Inna Kande, yaya ƙasar Turawa?" In na ce lafiya lau, sai a tsaya ana kallon bakina kamar na ɓoye goro. To zan faɗa sau ɗaya. Ni ban yi boko ba. Hauwa matar ɗana Sani ce ke riƙe da biro. Wanda ya sake tambayata, ita zai nema ta karanta masa.

Ba kallon gari na je ba. Jego na je. Autata Rabi tana can da mijinta Malam Nura, haihuwar fari, ba uwa kusa ba gwaggo. Ni kuwa na san abin da jego yake yi. Na binne miji, na binne 'ya'ya, ban kwanta ba. Amma 'yata ta fari, wadda ba na kiran sunanta, a cikin jego ta tafi, ba ta cika arba'in ba. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya gagara, muka kai ta Birnin Kudu, muka dawo da gawa. Ni na ce sanyi ne ya shige ta. Tun ranar na ce ba 'yar da za ta ƙara yin jego ba na tsaye a kanta. Rabi za ta cika arba'in a hannuna ko da a bayan duniya take.

Wahalar ta fara tun wajen neman biza a Abuja. Injin ɗaukar yatsa ya ƙi ni. Yarinyar ofishin ta danna, ta goge, ta sake dannawa, ta ce, "Mama, ba ki da zanen yatsa."

Na ce, "Fartanya da taɓarya suka cinye. Je ki tambaye su."

Da ƙyar ya kama ƙaramin yatsa. Kafin takardar ta fito, jaririn ya riga lokacinsa ya faɗo. Ragon suna a ƙofar gidanmu a Basirka aka yanka, aka nuna wa iyayen ta waya. Ni ina nan, mai jego tana can ba kowa a kanta. Ban ci naman ba.

Kayana ba yawa: zannuwa, majanyi, buta. Sauran jakar duk ta mai jego ce. Garin gero, yaji, kuka, daddawa, man shanu, kilishi, busasshen ganyen darbejiya na wanka, da jar kanwa dunƙule guda kamar kan jariri.

A tashar Basirka kwandasta ya ce jakar ta hau saman mota. Na ce in ta hau ni ma zan hau.

"Haba Inna, zinare ne a ciki?"

"Lefena ne, tunda kai ka kasa yi min."

A cinyata ta zauna har Birnin Kudu. Mun wuce Gwaram kaɗan taya ta fashe, direba ba shi da wata, sai da ya hau acaba ya koma gari da ita a ka. A tashar Birnin Kudu na zauna kusa da wata tsohuwa 'yar Sundimina. Ta ce ina zuwa. Na ce Jamus. Ta ce, "Ta wajen Ningi?" Na ce gaba kaɗan. Da ta ji jego ne, ta kama hannuna ta ce, "Kar ki yi rowar kanwa. Mai jego sai da kanwa." Na ce ba yau na fara ba.

Kano, Kaduna, Abuja, ba abin faɗa sai ciwon baya. A filin jirgi aka tsayar da Sani, wanda ya rako ni, a wata ƙofa, aka ce daga nan sai mai tafiya. Ya fara sharar hawaye. Na ce ya koma ya kula da awakina.

Jirgi mota ce da ba a tsayawa fitsari. An ɗaure ni da maɗauri kamar akuyar kasuwa. Aka kawo abinci a ƙaramin faranti, rabinsa ɗanyen ganye. Bayin kuwa, na taɓa wani abu ya yi ruri, na ce shi ke nan, ƙasan jirgin ya ɓalle. Allah ya haɗa ni da wata 'yar Jos, Rahila, nas ce a Jamus, tana jin Hausa. Ita ta nuna min komai. Na tambaye ta alƙibla, ta ce, "Mama, ni Kirista ce, amma ina jin ko limaminku ba zai sani ba a nan sama." Na yi sallata a zaune.

Da muka sauka, wani kare ya zo ya zauna gaban jakata. Kare mai albashi. Ma'aikatan suka kai ni gefe, Rahila ta biyo ni tana fassara. Kilishi, sun ɗauke. Man shanu, sun ɗauke. Ganyen darbejiya, wai zai kawo wa itatuwansu cuta. Itatuwan da na gani daga baya ko ganye ɗaya babu a kansu. Daddawa, mutumin ya buɗe, ya rufe da sauri, ya miƙo min kayata. Sai ya ɗago kanwa.

"Yana tambaya mene ne wannan dutsen," in ji Rahila.

"Ce masa kanwa."

"Ba su da sunanta, Mama."

Na karɓa na lasa, na miƙa masa ya lasa. Ya ja da baya. Ya kira wani, wanin ya kira wata. Suka kankari kaɗan suka sa a inji. Na ce wa Rahila ta gaya musu su riƙe jakar duka, su riƙe ni ma, amma kanwar nan sai ta isa wajen 'yata. Ban san abin da ta faɗa musu ba, na dai ga ta daɗe tana magana. Suka ba ni.

Malam Nura yana waje da wata ƙatuwar riga. Ya durƙusa ya gaishe ni, Turawa na kallo. Muna fita sanyi ya mare ni. Wannan ba irin namu ba ne da ake hura wuta ya gudu. Wannan har cikin haƙori yake shiga. Na ce a raina, nan aka ajiye min mai jego?

Sunan garin ya fi ƙarfin bakina, kar a tambaye ni. Gidan a sama yake, mutane a kanka, mutane a ƙarƙashinka, ba wanda ya san wani. An yi haihuwa a gidan, ko mutum ɗaya bai shigo barka ba. A Basirka akuya ma in ta haihu maƙwabta sukan leƙo. Na shiga na tarar da Rabi a tsaye tana wanke kwanuka, kai ba ɗankwali, ƙafa ba safa, taga a buɗe.

Ban amsa gaisuwarta ba. Na rufe tagar tukuna.

Wai ungozomarsu ce ta ce a riƙa buɗewa iska ta shiga. Tana zuwa gida duba uwa da ɗa, wannan na yaba musu. Amma tana shigowa taga take fara nufa. Ta buɗe, in rufe. Ta buɗe, in rufe. Ba ta jin Hausa, ba na jin nata, amma mun fahimci juna sarai.

Washegari na fara wanka. Ba murhu, ba garwa, ba ganye. Na cika duk tukwanen gidan na ɗora, na juye a baho, na naɗe tawul a madadin darbejiya. Tururi ya cika gidan. Sai wani abu a rufin ɗaki ya fara ihu. Jariri ya farka, Malam Nura ya hau kujera yana fifita abin da faifai, wai abin yana zaton gobara ce. Ana cikin haka tsohon da ke ƙasanmu ya hawo da karensa, ruwan wankan ya ɗigo masa a ka. Shi ne baƙonmu na farko. Na ce a ba shi wuri ya zauna, tunda dai ya zo.

Abincinsu ba zan ɓata bakina ba. Burodi mai tauri kamar dutsen niƙa, da sanyinsa, safe da yamma. Na karɓe kicin. Tuwo, miyar kuka, yaji. Kullum da safe kuma in dama kunun kanwa mai kauri, in kai wa Rabi ɗaki, kofi ya dawo wayam. Hankalina ya kwanta.

Muna tsakiyar arba'in ta ce min akwai ranar da za ta fita.

"Ina?"

"Wajen aiki, Inna. Ba aiki zan yi ba. Su ma nan hukuma ta hana mai jego aiki, nasu ma ya fi arba'in tsawo. Kallo kawai zan yi."

Abu ɗaya ke nan da na ji na hankali a ƙasar. Na ce to hukuma ta yi gaskiya, ta zauna.

Ta zaunar da ni ta yi min bayani, karo na farko da na saurara. Wai jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne a haɗe, kamar yadda dami yake tsabar gero, sai dai ido ba ya ganinsu. Suna rainon ƙwayoyin zuciya a faranti, da ransu, ana ba su abinci har su fara bugawa. Ita kuma rini take haɗawa. Ba na tufafi ba. Rinin da zai shiga cikin ƙwayar ya yi shiru, sai ya gamu da gishiri ya kama haske, a ga inda gishirin ya shiga da yawansa.

"Shekarun nan duk rini kike yi? Da kin faɗa da na kai ki karofi."

"Inna, ba kowane rini ba ne. Na farkon da na haɗa, yana shiga ya kashe su. Na gyara, na biyun ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shiga. Wani ya shiga, amma komai ya gani sai ya haska, har abin da ba gishiri ba."

"Karen da ke yi wa kowa haushi."

"Shi. Wani kuma ya yi kyau, amma ana haska shi sai ya koɗe kafin a gama kallo. Kowanne sai na warware ginin na sake. Wannan na ƙarshen nake sa rai. Ƙwayoyin sun nuna, ba sa jira. Babban madubin da ake kallo da shi kuwa layi ake bi, tun kafin cikina ya tsufa aka ba mu ranar. Na ɗauka zan gani kafin in haihu."

"Su nuna miki a waya."

"Haba Inna!"

"Ragon sunan ɗanki ma a waya kika gani, bai hana shi yankuwa ba."

Ni kuma na san 'yata. Da ta shiga wanka na ɗauke takalman sanyinta na cusa a ƙasan jakata. Ba takalmi, ba fita.

Sai ga wata sabuwa. Na lura Malam Nura ya rame, kullum yana hanyar bayi. Wata safiya na kai kunu, na manta cokali, na koma. Na same shi a bayan ƙofa, kofin a bakinsa, ido a rufe kamar mai shan maɗaci.

"Malam Nura, kai ka haihu?"

Ya kusa shaƙewa. "Inna, ku yi haƙuri, ku gafarce ni, ita ce ta ce..."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko, Inna."

Na ratsa ƙasashe da kanwa, na yi faɗa da kare da masu kare, ashe ƙato nake yi wa jego. Na ce ya fita. Na juya kan Rabi. Ban ɗaga murya ba, ba na yi. Na ce, "Na binne ɗaya. So kike in binne biyu?"

Ta ajiye jaririn. Ta ce, "Inna, kin taɓa tambayar kanki me ya sa zuciya na zaɓa, duk faɗin jikin mutum?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"Ranar da muka kai Yaya Birnin Kudu, ina bakin ƙofa. Na ji likita ya ce zuciyarta ce ta gaza. Ya tambaya ko tana shan kunun kanwa. Inna, ni nake kai mata kunun nan kullum. Ni nake tsayawa sai ta shanye, don kin ce kar in dawo da saura."

"Cewa kike kanwa ce ta kashe ta?"

"Ban ce ba. Ban sani ba. Kanwa gishiri ce mai ƙarfi, wasu likitoci sun ce tana wahalar da zuciyar mai jego, ita da ruwa mai tsananin zafi. Wasu sun bincika sun ce ba su ga haka ba, wani abu ne daban. Mata nawa suka sha suka tashi lafiya? Ke ma kin sha. Amma me ya sa a ƙasarmu abin ya fi yawa? Ina so in gani da idona abin da gishiri yake yi a cikin zuciya. Kafin nan ba zan iya sha ba."

Ni na ce sanyi. Likita ya ce zuciya. Liman ya ce kwana ne ya ƙare. Shekara da shekaru kowa na riƙe da tasa, ashe yarinyar da ke riƙe da kofi ita ma tana da tata, ba wanda ya tambaye ta. Na ɗauki kofin na fita.

Ranar da aka ba su ta zo. Da safe na ciro takalman na ajiye mata a gaban gado. Na ce, "Da sharaɗi. Ƙafata ƙafarki."

Na sa mata riga a kan riga har ta kasa sauke hannu. Na naɗe mata kai da wuya. Na goya jaririn, na rufa da bargo. A jirgin ƙasa Turawa suna ta leƙen bayana, wata ta yi wa Malam Nura magana, wai kar yaron ya faɗo. Na ce ya gaya mata na goya waɗanda suka fi ta tsawo.

Wajen aikin nata wani gini ne mai warin asibiti. A ƙofa aka ce jariri ba ya shiga, filas ɗin ruwan zafi ma ba ya shiga. Na sauke wa ubansa shi. Aka sa min farar riga. Wata Baturiya mai furfura ta tarbe mu, ita ta riƙa ciyar da ƙwayoyin tun da Rabi ta kwanta. Ta rungume Rabi, ta nuna mata kujera da yatsa, ta ɗaure fuska. Wato zauna, kar ki taɓa komai. Nan take matar ta shiga raina.

Ɗakin duhu ne da rana tsaka, wai haske yana ɓata rinin. Kuma sanyi, wai injin ba ya son zafi. Inji ma an san a lallaɓa shi. Na cire mayafina na ƙara wa Rabi.

Baturiyar ta ɗiga rinin a faranti, ruwa ne kawai ba launi. Aka jira. Ta sa a ƙarƙashin madubin, muka zuba wa allon da ke jikin injin ido. Baƙi ƙirin. Suka yi magana, aka sake wani farantin. Baƙi. Na ji numfashin Rabi ya canja. Na ce, "Tashi mu tafi, an gani." Ta ce, "Inna, don Allah." Ta ce da matar wani abu, wai a ƙara wa faranti na uku lokaci kafin a wanke shi. Aka sake jira. Ƙafata ta yi tsami.

Sai ga wani kore-kore, dishi-dishi, kamar ƙasa bayan ruwan fari. Yana motsi. Ya matse, ya saki. Ya matse, ya saki. Ba mutum, ba dabba, abu a faranti yana bugawa. Matar ta ƙara ruwan gishiri. Koren ya fara ƙarfi daga gefe yana shiga ciki, a hankali, har na ga kowace ƙwaya da iyakarta. Suka bar shi ya daɗe. Bai koɗe ba. Bugun bai tsaya ba.

Rabi ta rufe baki tana kuka. Baturiyar tana dukan tebur. Ni na ce Allahu akbar, don abin ya isa a faɗa.

Sai na kwance bakin zanina. Na taho da ɗan gutsuren kanwa, ba wanda ya sani. Na ajiye a teburin. Na ce, "To zuba wannan mu gani."

"Inna! Ba haka ake yi ba."

"Ga zuciya, ga fitila, ga kanwa. Me ya rage?"

"Faranti ba mace ba ce. Sai an auna abin da ke cikin kanwar, a gwada sau da yawa, a gwada a dabba, a je gida a duba mata masu jego. Yau fitilar kawai muka samu. Yanzu za a fara nema."

"Shekarun nan duka fitila kike ƙerawa? Ba ki ma fara neman abin da ya ɓata ba?"

Ta yi dariya da hawayenta ta ce eh. Baturiyar ta tambayi me na ce, aka gaya mata, ta gyaɗa kai kamar an taɓo mata inda yake ciwo. Ta ɗauki gutsuren da ɗan ƙarfe, ta sa a kwalba, ta rufe, ta ajiye a cikin kayansu. Can na baro shi.

Sauran kwanakin, na rage zafin ruwan wanka, ba don an fi ni gaskiya ba. Kunu na koma na gyaɗa da na tsamiya, a gabana take shanyewa. Tagar dai ban bari ba. Kullum da safe ina danna ƙafarta da yatsa in ga ko ta kumbura, ita kuma ta bar ni. Rabi ta cika arba'in a tsaye. Malam Nura ma ya warke.

Dawowa ba labari. Karen bai kula ni ba. Kwandastan Basirka ya ce ina tsarabarsa, na ce angon da bai yi lefe ba ba shi da tsaraba.

Kanwar tana nan cikin kwalla a ɗakina. Ban zubar ba, ban dama ba. Sani ya ce a ba shanu su lashe, na ce ya bar min kayata. Kafin in taho na tambayi Rabi yaushe za ta san amsa. Ta ce shekaru, Inna, wataƙila da yawa. Na ce ba ni da shekaru. Matar yayanki za ta haihu farkon damina.

Ga ta nan ta ajiye biro tana kallon ƙasa. Ɗauki ki rubuta, Hauwa, ba abin kunya ba ne, kowa ya gani. Jegonki a hannuna yake. Ruwan zafi za ki yi, ba fashi. Kunun gyaɗa za ki sha. Ƙafarki ta kumbura ko kaɗan, ranar za mu kwana a Birnin Kudu. Kanwa kuwa sai Rabi ta bugo waya.